Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙungiyoyin agajinmu na gida: a sayi kulorin kafin a sayi shinkafa

Zuwa ga shugabannin gidauniyoyi, kwamitocin agaji na masallatai da majami'u, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai, da duk Alhaji ko Hajiyar da ke ɗora kaya a mota zuwa sansanin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuke fitarwa. Masu wannan takarda ma'aikatan jinya ne, da ungozomomi, da jami'an lafiya na matakin farko, da duba-gari, waɗanda aikinsu ke farawa bayan motar rabon kaya ta juya ta tafi. Muna magana ne a madadin waɗanda ke kwana a azuzuwan makarantun firamare idan ruwa ya ci unguwa, musamman mata masu goyo da ƙananan yara.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne damina na ƙaratowa, kuma tsarin da yawancinku kuke yi bai sauya ba: buhunan shinkafa, taliya, man girki, tabarmi, atamfa, sai kwana ɗaya na duba marasa lafiya kyauta. Duk waɗannan suna da amfani, mai yunwa ba ya raina loma. Amma abin da ke kashe mutane a sansani makonni biyu ko uku bayan ruwa ya janye, kashi ne da ya shiga ruwan sha, kuma da wuya ka ga ko sisi a lissafinku da aka ware domin wannan.

Kowa ya tuna daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo Maiduguri da Jere. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a, mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu. Ba a cika wata guda ba, a farkon Oktoba, gwamnatin jihar ta ayyana ɓarkewar kwalara. A 2021 kuwa hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da cutar a faɗin Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayun 2025 ta nuna cewa ruwa ba ya jiran Agusta. A daidai wannan lokaci ne kuma Amurka ta zabge tallafin da take bayarwa tun farkon 2025, ƙungiyoyin ƙasashen waje da dama suka rage ma'aikata, wasu suka rufe cibiyoyi. Wato nauyin da a da ake jingina musu yanzu yana dawowa wuyanku, ko kun shirya ko ba ku shirya ba.

Bari mu fara da ruwa, domin a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ma'aunin da masu aikin agaji na duniya ke bi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsarki. Sansanin mutum 5,000 yana buƙatar lita 75,000 ke nan kullum, wato tanka mai lita 10,000 sai ta yi sawu takwas. Tanka ɗaya da aka aiko ranar Juma'a aka ɗauki hotonta ba ta kai ko'ina ba. Idan ta ƙare, mata za su koma rijiyar da ambaliya ta cika da ruwan masai, domin ba za su bar yara da ƙishirwa ba.

Sannan ita kanta tankar, wa ya san inda ta ɗebo ruwan, kuma me ta ɗauka jiya? Ruwan da ya fito daga rijiyar burtsatse garai-garai yana iya gurɓata a cikin tanki, ko a bakin tiyo da aka ja a ƙasa, ko a randa lokacin da yaro ya tsoma moɗa da hannun da bai wanke ba. Kulorin ne kaɗai ke bin ruwa har cikin jarka yana ci gaba da kashe ƙwayar cuta. A lokacin annoba ana son miligiram 2 a kowace lita a wurin cika tanka, miligiram 1 a famfon jama'a, sannan kada ya gaza rabin miligiram a ruwan da mutum zai kai baki, bayan an bar shi minti 30. Ba a ƙiyasta wannan da ido ko da hanci. Akwai ɗan akwatin gwaji na roba da ake jefa wa ƙwaya, ruwan ya koma ruwan hoda, a gwada launin da ma'auni. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. In an zuba kulorin kaɗan, an yi aikin banza. In an cika shi, mutane za su ce ruwan yana warin asibiti, su zubar, su koma kududdufi. Haka kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, sai an bar shi ya kwanta ko an sa masa alif, an tace, kafin a zuba. Masu raba ƙwayoyin kulorin na tsabtace ruwa, Aquatabs, su lura cewa girmansu ya bambanta: mai miligiram 67 ta jarka ce mai lita 20 idan ruwan garai ne. Raba su ba tare da an tsaya an nuna wa uwargida yadda ake yi ba haɗari ne, domin wanda bai sani ba yana iya ɗaukarsu maganin sha.

Wani abu da ake mantawa: ruwan alwala ma ana kurkure baki da shi. Idan kun kafa tankin sha mai kulorin amma butocin masallacin sansani ana cika su daga kwata, kun toshe ƙofa kun bar taga. Kwanon wanke hannu guda da mutum goma ke tsoma hannu a ciki kafin cin abinci shi ma a daina shi, a riƙa zuba wa mutum ruwa daga buta, da sabulu. Kowane gida yana buƙatar jarka biyu masu ƙaramin baki da murfi, ɗaya ta ɗebowa ɗaya ta ajiya, da sabulun wanka giram 250 ga kowane mutum a wata.

Sai maganar da ba mai son a rubuta sunansa a jikinta: masai. Makarantar da aka gina wa ban-ɗaki huɗu ko shida, an zuba mata mutum 3,000. A kwana biyu ramukan sun cika, mutane sun koma bayan aji da gindin katanga, ƙuda na tashi daga can yana sauka a kan tuwon da kuka dafa. A kwanakin farko ana neman masai ɗaya ga mutum 50, daga baya a kai ɗaya ga mutum 20. Ga sansanin mutum 5,000, guda 100 ke nan tun farko. A haƙa shi aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma gindin ramin ya kasance mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wurin da ambaliya ta taɓa, sau da yawa kana haƙa taku uku ruwa zai ɓulɓulo, don haka sai an ɗaga masai sama a kan tudun da aka gina ko a kan tankin roba, a kuma yi yarjejeniya da mai motar kwashewa tun kafin ya cika. Na mata daban, nesa da na maza, da sakata daga ciki da fitila. In babu waɗannan, mace za ta riƙe har dare ya raba ta fita bayan gari, kuma kun san abin da ke iya samunta a can. A tanadi fo na yara, domin kashin yaro ya fi na babba yaɗa cuta, ga shi iyaye sun ɗauke shi ba komai ba. A ɗauki mutanen sansanin aikin wanke ban-ɗakin, a biya su kullum. Masai mara mai wanki kwana uku ne ya zama abin gudu.

Yanzu ga magunguna. Kwalayen da ke isowa sansani sau da yawa cike suke da maganin ƙarin jini na kwalba, da bitamin, da kafso mai ja da rawaya, da Flagyl, wani lokaci har da waɗanda saura wata ɗaya su lalace, ko masu rubutu da harshen da ba mai iya karantawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin da za a bayar kyauta ya kasance yana da sauran aƙalla shekara guda. Wanda ya lalace a hannunmu ba a zubar da shi a bola, sai an ƙona shi ta hanyar da ta dace, wato kyautarku ta zama mana ƙarin aiki.

Mai kwalara ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa. Zawon fari ne tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa, babu ciwon ciki sosai, babu zazzaɓi yawanci. Ƙato mai ƙarfi da ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dushe, yatsunsa sun yi yaushi kamar na mai wanki, in ka tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya a tsaye fiye da daƙiƙa biyu. In ba a yi komai ba, cikin masu tsananin cutar ana iya rasa kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. In an mayar da ruwan a kan lokaci, ba a rasa ko ɗaya cikin ɗari. Mafi yawansu ruwan gishiri da sukari na ORS kawai suke buƙata: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a zubar da ragowar bayan awa 24. Wanda ya fara bushewa amma yana iya sha, ana ba shi mililita 75 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa huɗu. Yaro mai kilo 10 zai sha mililita 750, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Yara a haɗa musu da ƙwayar zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Maganin tsayar da zawo kuwa ba shi da gurbi a nan ko kaɗan.

Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya, shi ne na ƙarin ruwa ta jijiya, kuma a nan ma ana kawo mana abin da ba shi ba. Ruwan da ake so shi ne Ringa laktet. In babu, ruwan gishiri na asibiti zai tsaya a madadinsa. Ruwan sukari zalla, wanda ake kira destros, ba ya mayar da gishirin da jiki ya zubar, kuma wanda aka ɗaura wa shi yana iya mutuwa ana ganin leda na tafiya. Lissafin shi ne mililita 100 a kan kowane kilo: ga babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya, 30 a rabin awar farko, sauran 70 a awa biyu da rabi, ga jariri, 30 a awa ɗaya, 70 a awa biyar. Mutum mai kilo 60 zai sha lita shida cikin awa uku, wato leda 12 masu rabin lita. Marasa lafiya 20 irinsa sun cinye leda 240 kafin a ce an fara. Mai kawo katan biyu ya ga yadda abin yake. Kuma leda ba ta shiga jiki da kanta: ana buƙatar igiyar ƙarin ruwa, da kanula, wato allurar roba da ake bari a jijiya, masu faɗi lamba 16 da 18 na manya, lamba 22 da 24 na yara, da filasta, da safar hannu, da akwatin zubar da allura, da fitila mai caji, domin neman jijiyar wanda ya bushe da tsakar dare da hasken waya azaba ce. Maganin kashe ƙwayar cuta, doksisaiklin miligiram 300 sau ɗaya ga babba, yana zuwa ne bayan an mayar da ruwa, ga masu tsanani, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Raba shi ga kowa da kowa a matsayin rigakafi ba ya tsayar da annoba, sai dai ya koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Wurin kwantar da su ma yana da tsari. Gado ne mai rami a tsakiya da shimfiɗar leda, bokiti ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefen kai na amai. Kafinta na unguwa zai iya ƙera shi in an nuna masa. Ana lissafa lita 60 na ruwa ga kowane majinyaci a rana. Kulorin kala uku ake haɗawa daga garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari: giram 30 a lita ɗaya domin kashi da amai da gawa, giram 3 a lita domin ƙasa da gadaje da tafin takalmi, sai giram 15 a lita 20 domin wanke hannu. Biyun ƙarshe kullum ake sabunta su. A haɗa a robobi, ban da ƙarfe, a rubuta wa kowane bokiti sunansa, a ajiye garin nesa da rana da fetur.

Akwai kyautar da muke roƙonku ku daina gaba ɗaya: madarar gwangwani ta jarirai da bulumboti. Mun san tausayi ne ke sa ku saye ta. Amma a sansani da ruwan me za a dama, da me za a wanke bulumbotin, ina itacen tafasawa sau takwas a rana? Uwa ta fara ba da ita, jariri ya rage tsotso, nono ya ragu, gwangwani ya ƙare a mako guda, ga zawo ya kama yaro. Firgici yana iya tsayar da zubar nono na ɗan lokaci, amma yana dawowa in aka ci gaba da sa yaro a mama. Ku ciyar da uwar, ku ba ta ruwa da inuwa da ɗan keɓantaccen wuri. Jaririn da ya rasa mahaifiya a miƙa lamarinsa ga ma'aikatan lafiya; in an samu mai shayarwa, a sanar da dangin ɓangarorin biyu saboda hukuncin 'yan'uwantakar nono.

Yaran da ke fama da tamowa su ne suka fi saurin tafiya. Gano su ba wuya: ana auna tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da ɗan tef mai launi, ƙasa da santimita 11.5 ja ne. Ko a danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, in rami ya zauna, kumburin yunwa ne. Maganinsu shi ne abincin gyaɗa na musamman da ke cikin ƙunshi, katan ɗaya mai guda 150 yana kusan isar yaro ɗaya har ya warke. Magani ne, ba na rabawa 'yan'uwansa ba ne, ba kuma na kasuwa ba. Yaron da ya ƙi cinsa na asibiti ne. Gargaɗi ga likitocin sa-kai: irin wannan yaro in aka sakar masa ƙarin ruwa da gudun da ake sakar wa lafiyayye, zuciyarsa na iya gazawa.

Duba marasa lafiya na kwana ɗaya kuwa, ku yi mana haƙuri, amfaninsa kaɗan ne. A auna tsohuwa a ce jininta ya hau, a ba ta maganin kwana biyar, ba a sake ganinta ba. Mai ciwon suga da ruwa ya tafi da allurarsa, mai tarin fuka da ke tsakiyar maganin wata shida, mai farfaɗiya, mai shan maganin ƙanjamau da ba zai faɗa a gaban layi ba, mai ciki wata tara, duk ba wanda kwana ɗaya zai yi wa komai. Ƙaramin tebur da nas biyu da ke nan kullum na wata biyu, da rajista, da Keke Napep mai mai a tanki domin kai mai naƙuda asibiti da dare, ya fi likitoci 20 na yini guda. A haɗa da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa da gidan sauro, domin kwantaccen ruwa zai ƙyanƙyashe sauro cikin mako biyu.

Gawar mai kwalara tana yaɗa cuta, kuma wannan magana ce da sai malamai sun shigo ciki. A taƙaita masu wanka, su sa safar hannu, a toshe baki da hanci da dubura da audugar da aka jiƙa da kulorin mai ƙarfi, ruwan wankan ya tafi rami, a gaggauta binnewa kamar yadda addini ma ya so. Waɗanda suka yi wankan kada su taɓa abincin zaman makoki.

Ga abin da muke roƙo. Kowace ƙungiya ta ware wani kaso bayyananne na kuɗin agajinta domin ruwa, masai da kayan zawo, ta rubuta shi a kasafinta tun yanzu. A sayi garin kulorin, kayan gwaji, ORS, zink, Ringa da kanula kafin ruwa ya sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da gada ta karye, kaya ba sa shigowa, farashi kuma ya ninka. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya tun farkon shekara, har da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ku duba naku. Ku tura matasanku goma ko ashirin a koya musu haɗa kulorin, dama ORS da auna damtse, horon kwana biyu ya isa, kuma rabinsu su kasance mata, domin su ne za su shiga inda namiji ba zai shiga ba. Kafin ku ɗora kaya, ku tuntuɓi hukumar agajin gaggawa ta jiharku da ma'aikatar lafiya da Red Cross ku ji wane sansani ne ba a kai wa ba, kada ƙungiya biyar su taru a wanda ke bakin titi. Duk wanda ya ga babba da zawo mai ruwa-ruwa ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Allurar rigakafin kwalara ta baki ta yi ƙaranci a duniya, har a Oktoban 2022 aka koma ba da zubi ɗaya maimakon biyu, kuma ba a sako ta sai da rahoto. Inda kasuwa ke ci, ku ba magidanta kuɗi a hannu maimakon tsofaffin tufafi. In za a raba kaya, a bi rajistar gida-gida, a ba mata da tsofaffi layinsu, a ajiye kyamara a mota. Sannan bayan damina ku wallafa abin da kuka tara da abin da kuka kashe, har da yawan litar ruwa da yawan masai.

Duk ƙungiyar da ke son jerin kayan nan da adadinsu gwargwadon yawan mutanen da take niyyar ɗauka, ta je sashen lafiya na ƙaramar hukumarta ta nemi shugaban duba-gari ko jami'in sa ido kan cututtuka, su zauna su yi lissafin tare kafin watan Yuni.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinya, ungozomomi da duba-gari daga Arewa.